Yadda ake haɗa loshan na man kaɗanya a gida, ya daɗe bai lalace ba a zafin Accra

Tambayar da mata masu haɗa man shafawa a Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina suka fi yi ita ce: me ya sa loshan yake fita da kyau ranar da aka haɗa shi, amma kafin mako biyu ya canza wari, ko ya tsinke, ko baƙin ɗigo ya fito a bakin murfi? Amsar tana cikin ruwa. Man kaɗanya zalla yakan yi watanni da yawa bai yi komai ba, domin ƙwayoyin cuta da fumfuna ba sa yaɗuwa inda babu ruwa. Shi kuwa loshan, kusan kashi 70 cikin 100 na jikinsa ruwa ne. Da zarar ruwa ya haɗu da mai, a garin da ke bakin teku, ga zafi ga laima, kin dafa wa fumfuna abinci ne. Saboda haka duk matakan da ke ƙasa abu biyu suke nema: ruwa da mai su haɗu su zauna, kuma abin da aka haɗa kada ya ruɓe a jikin mutane.

Awon da za mu bi na giram 500 ne. Kada ki wuce haka a haɗin farko.

Mataki na 1: Tanadi kayan aiki

Sikeli shi ne na farko. Ki nemi ƙaramin sikeli mai batir wanda yake nuna har giram 0.1. Cokali, kofin shayi, gwangwanin madara da olonka duk na kasuwa ne da kicin, ba su da wuri a awon wannan aiki. Cokali ɗaya na man kaɗanya mai tauri da cokali ɗaya na narkakke ba nauyinsu ɗaya ba, kuma maganin hana lalacewa giram 5 kacal ake so, ba 3 ba, ba 9 ba.

Sai ma'aunin zafi irin na girki wanda yake kaiwa digiri 100, da bilenda ta hannu mai dogon wuya wadda ake tsomawa cikin kwano. Sai kwanuka biyu na gilashi mai jure zafi ko na ƙarfe mara tsatsa, tukunya mai faɗi da za su zauna a ciki, cokalin roba mai laushi na kankare kwano, takardar gwajin pH (wato ma'aunin tsamin abu), safar hannu, abin rufe gashi, da sifirit mai ƙarfin kashi 70 a cikin robar fesawa.

Gargaɗi: kada ki haɗa a tukunyar sanholo, kuma kada ki taɓa loshan da muciya ko cokalin katako. Katako yana shan ruwa ya ɓoye datti a cikin tsagarsa. Kayan nan ki ware su, kada yau su yi loshan gobe su niƙa kayan miya.

Mataki na 2: Sayen kayan haɗi

Man kaɗanya, wanda masu kasuwa ke kira nkuto, yawancinsa daga Arewa yake saukowa, wajen Tamale, Wa da Bolgatanga, kuma ba ya wuyar samu a kasuwar Nima ko Makola. Ki ɗebi kaɗan ki murza a bayan hannu. Mai kyau yana narkewa nan take, ba ya barin yashi, warinsa na gyaɗar kaɗanya ne da ɗan hayaƙi. In kin ji warin tsohon mai ko kin ga tabo mai toka-toka a jikinsa, ki wuce gaba komai arahar sa. Fari mai ruwan madara ya fi dacewa da loshan. Mai ruwan ɗorawa yana rina haɗin, yana kuma iya ɓata fararen kaya.

Sauran kayan sai wurin masu sayar da sinadaran sabulu da kayan shafa. Abin da za ki tambaya: kakin haɗa ruwa da mai, wanda a shago ake ce masa i-waks, setil alkohol (wani fari mai kama da kakin kyandir da ke ba loshan kauri da santsi), gilisarin, garin EDTA (mai kama ma'adanan da ke cikin ruwa), bitamin E na ruwa, turaren mai da aka yi don fata, da maganin hana lalacewa.

Gargaɗi: i-waks iri-iri ne. Ki nemi mai ɗauke da alamar NF ko wanda ake kira Polawax. Kakin zuma ba ya maye gurbinsa. Yana daskarar da mai amma ba ya riƙe ruwa, bayan kwana biyu za ki ga ruwa yana tsatsafowa. Haka nan duk sinadarin da aka ɗura miki a leda ba suna, ba adadin da ake zubawa, ba ranar ƙarewa, kada ki karɓa. Ki sa mai shago ya nuna miki babbar jarkar da ya ɗebo, ki ɗauki hoton takardar jikinta da wayarki.

Ruwa kuma tataccen ruwa ake so, irin wanda aka tafasa aka tara tururinsa, ana samu a wasu kantunan magani da wurin masu kayan ɗakin gwaji. Ruwan famfo da ya kwana a tanki, ruwan burtsatse da ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki duk a bar su. Ruwan leda ya fi su tsafta, amma yana ɗauke da ma'adanai da ke rage ƙarfin maganin hana lalacewa. In shi kaɗai kika samu, to EDTA ya zama dole. Ruwan batir na wurin makanikai kada ki kusance shi, domin da shi da asid ɗin batir a robobi masu kama da juna ake ajiye su.

Mataki na 3: Awo

Kashi uku ake raba kayan. Ki rubuta a takarda ki manna a bango, duk abin da kika auna ki ja masa layi.

Kwanon ruwa: tataccen ruwa giram 349, gilisarin giram 15, EDTA giram 1.

Kwanon mai: man kaɗanya giram 40, man sanfulawa giram 30, man kwakwa giram 20, i-waks giram 25, setil alkohol giram 10.

Kayan ƙarshe, waɗanda sai haɗin ya huce: maganin hana lalacewa giram 5, bitamin E giram 2.5, turare giram 2.5.

Jimilla giram 500. Ƙa'idar da za ki riƙe in kina son canza wani abu: i-waks ya zama kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin sauran kayan da ke kwanon mai. A nan sauran kayan giram 100 ne, shi ya sa aka sa 25. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, da fata ke yin furu-furu ƙafa na faso, ki kai man kaɗanya giram 60, i-waks giram 30, ki rage giram 25 daga ruwa. A zafin Maris da Afrilu kuwa, ki sauke man kaɗanya zuwa giram 25 ki mayar da giram 15 ɗin ruwa, don kada mai shafawa ta fita rana tana naso. Kullum jimillar ta dawo 500.

Gargaɗi: gilisarin in ya yi yawa loshan yana danƙo a jiki, musamman da damina. Kada ya wuce giram 25 a wannan awo. Man kwakwa kuma yana toshe ƙofofin fatar fuska ga masu yawan ƙuraje; wannan haɗin na jiki ne.

Mataki na 4: Tace man kaɗanya

Wannan ki yi shi tun ana gobe haɗi. Man kasuwa, ko mai kyau ne, ba ya rasa ɓawo, toka ko ɗigon ruwa. Ki sa shi a kwano, ki ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi har ya narke duka, ki tace da farin ƙyalle mai tsafta ninki biyu. Ki bar shi ya natsu minti goma, ki tsiyaye na sama a hankali ki bar guntun ƙasa, a nan ruwa da laka suke kwanciya. Kada ki ɗora man kai tsaye a kan wuta, yana ƙauri, kuma ƙaurin ba turaren da ke rufe shi.

Mataki na 5: Tsaftace wuri da kaya

Ki wanke komai da sabulu da ruwan zafi, har da kwalabe da murafensu da bututun famfon kwalba. Su bushe sarai. Sannan ki fesa musu sifirit, ki fesa teburin, ki bar shi ya bushe da kansa, kada ki goge da tsumma. Sifirit mai kashi 70 ya fi mai kashi 99 kashe ƙwayoyin cuta, domin ɗan ruwan da ke cikinsa yana sa ya daɗe a jikin abu ya ratsa su. Ki ɗaure gashi, ki sa safar hannu, ki kashe fanka, ki rufe taga in ana iska mai ƙura.

Gargaɗi: sifirit yana kamawa da wuta. Ki gama fesawa, ya bushe, ki kawar da robar, sannan ki kunna gas ko ki hura kurfoti.

Mataki na 6: Dumama kwanuka biyu

Bayan kin zuba kayan kwanon ruwa, ki ɗora kwanon gaba ɗaya a sikeli ki rubuta nauyinsa. Za ki bukaci wannan lamba nan gaba kaɗan.

Ki zuba ruwa a tukunya mai faɗi kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, ki jera kwanukan biyu a ciki, ki rage wuta. Ana so kowane kwano ya kai digiri 70 zuwa 75, ya zauna a haka minti 20. Wannan zaman yana narkar da i-waks da setil alkohol har ƙwayar ƙarshe, yana kuma rage ƙwayoyin cutar da suka shigo da kayan. Ba ya kashe su duka, don haka ba ya ɗauke wa maganin hana lalacewa aikinsa. Ki rufe kwanon ruwa da faranti don tururi kada ya gudu da yawa. Mai aiki da gawayi ta riƙa duba ma'auni kowane minti uku, wutar kurfoti ba ta da tabbas. In zafi ya haura 80 a sauke tukunyar, in ya sauka a mayar.

Da minti 20 sun cika, ki goge gindin kwanon ruwa ki sake auna shi. Abin da ya ragu daga lambar farko tururi ne ya tafi da shi, ki cike da tataccen ruwa mai zafi. Masu tsallake wannan su ne loshan ɗinsu ke fita da kauri kamar tuwo, kuma kowane haɗi da irin kaurinsa.

Mataki na 7: Haɗa ruwa da mai

Kwanukan biyu su kasance zafinsu ɗaya, ko bambancin bai wuce digiri 5 ba. In ruwa ya fi mai sanyi sosai, kakin zai daskare tun bai kama ruwan ba, sai ki ga tsaki-tsaki.

Ki juye man cikin ruwan a hankali, ki tsoma kan bilenda har ƙasa, ki ɗan karkata ta iskar da ke ƙarƙashinta ta fita, sannan ki kunna. Nan take haɗin zai koma fari kamar madara. Ki buga daƙiƙa 30, ki huta, ki sake, har a samu jimillar minti uku zuwa huɗu. Kan bilenda kada ya leƙo sama yana aiki. Duk leƙowa kumfa ce, kuma kumfar da ta shiga loshan ba ta fita da sauƙi, daga baya kwalbar da kika cika za ta sauka.

A wannan lokaci haɗin tsararo ne kamar koko. Haka ya kamata ya kasance. Kada ki firgita ki ƙara kaki, kaurinsa na gaskiya sai ya huce, cikakkensa ma sai bayan kwana ɗaya ko biyu.

Gargaɗi: kafin ki ɗora tukunya ki tabbata akwai wuta. In dumsor ya same ki a tsakiyar bugu, ki bar haɗin cikin ruwan zafi a rufe, ki riƙa bugawa da maburgin ƙarfe na ƙwai da ƙarfi ba tsayawa har minti goma sha biyar. Zai haɗu, sai dai ba zai kai na bilenda daɗewa ba, don haka wannan na amfanin gida ne, ba na sayarwa ba.

Mataki na 8: Hucewa da zuba maganin hana lalacewa

Ki sauke kwanon ki riƙa juyawa da cokalin roba. In kina son ya yi sauri, ki zaunar da shi cikin roba mai ruwan sanyi, amma juyawa kada ta tsaya, in ba haka ba gefe zai daskare tsakiya na da zafi. Da ma'auni ya nuna digiri 45 zuwa 40, lokacin kayan ƙarshe ya yi. Ki zuba maganin hana lalacewa, bitamin E da turare, ki ɗan buga da bilenda daƙiƙa 20, sannan ki ci gaba da juyawa da hannu har ya yi sanyi.

A nan ne yawancin loshan ɗin gida ke mutuwa, don haka bari mu tsaya a kai.

Maganin da aka lissafa wa giram 5 shi ne haɗin finoksi-itanol da itil-heksil-gilisarin, wanda ake sayarwa da sunan Euxyl PE 9010. Ana zuba shi kashi 1 cikin 100, kada a haura. Ya fi ƙarfi a kan ƙwayoyin cuta fiye da kan fumfuna, shi ya sa aka haɗa masa da EDTA, wanda ke kama ma'adanan da ƙwayoyin ke bukata ya sauƙaƙa wa maganin aiki. In Phenonip kika samu, shi ma kashi 0.5 zuwa 1 ne, yana jure zafi, ana iya zuba shi a kwanon mai. In Liquid Germall Plus ne, iyakarsa kashi 0.5, wato giram 2.5 a wannan awo, sai ki mayar da sauran giram 2.5 ruwa, zafin da ya wuce digiri 50 yana lalata shi, kuma ba a sa shi a man da za a shafa wa yaro ɗan ƙasa da shekara uku. Finoksi-itanol shi kaɗai, ba abokin haɗi, bai isa ba a garin nan.

Sodiyom benzowet da fotasiyom sobet, waɗanda masu sobolo da lemon kwalba suka sani, suna da araha kuma ana ganinsu ko'ina. Amma ba sa aiki sai haɗin yana da tsami, pH ƙasa da 5.5, ya fi kyau ma kusa da 5 ko ƙasa. Wadda ta zuba su ba ta auna pH ba, daidai take da wadda ba ta zuba komai ba.

Sai abubuwan da ake ta yaɗawa wai suna tsare loshan. Bitamin E mai kawai yake karewa daga saurin tsufa da wari, ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Zuma a kwalbarta ba ta lalacewa saboda ƙarancin ruwa, amma da ta narke cikin loshan ta zama sukari a ruwa. Ruwan lemon tsami, kanumfari, man darbejiya, man habbatus sauda, duk ba su isa su tsare abin da kashi 70 nasa ruwa ne ba. Mafi muni shi ne zuba ɗanyen abu: madara, ruwan shinkafa, ruwan karas, gwanda, ko majinar alobera da aka yanko daga tukunyar bayan ɗaki. Waɗannan suna kawo abinci da ƙwayoyin cuta a lokaci guda, har maganin kirki ma sai su fi ƙarfinsa.

Firji ma ba magani ba ne. Loshan mara magani kwana uku zuwa biyar yake yi a firji, in wuta ba ta ɗauke ba. Abin tsoron kuma shi ne ƙwayoyin cuta sukan cika kwalba tun ido bai ga komai ba, hanci bai ji komai ba. Irin wannan in ya hau fatar da ke da faso, ƙuraje, sabon aski ko ya shiga ido, ciwo yake jawowa. Wadda ba ta son sinadari ko kaɗan, hanya a buɗe take: ta yi man da babu ruwa a cikinsa. Man kaɗanya giram 70, man sanfulawa giram 29, bitamin E rabin giram, turare rabin giram, a narkar, a sa a firji ya fara kamawa, a buga har ya yi laushi. Wannan ba ya bukatar maganin hana lalacewa muddin ba a tsoma jiƙaƙƙen yatsa a ciki ba. Aibinsa ɗaya, yana narkewa in ya sha rana a cikin trotro.

Gargaɗi kan turare: humra, turaren fesawa da turaren kaya ba na loshan ba ne. Barasar da ke cikin na fesawa tana tsinka haɗi, humra kuwa ba ki san ruwan da aka jiƙa ta da shi ba. Man ɓawon lemon tsami da aka matse ɗanye yana sa fata ƙonewa da tabo in rana ta buge ta. Man jarirai a bar shi ba turare.

Mataki na 9: Gwajin pH

Ki ɗebi giram 1 na loshan ki dama da giram 9 na tataccen ruwa, ki tsoma takardar gwaji. Ana neman 5 zuwa 5.5, kusa da na fatar mutum. In ya haura 6, ki narkar da giram 1 na sitirik asid a giram 9 na ruwa, ki ɗiga uku ko huɗu cikin haɗin, ki juya sosai, ki sake gwadawa. Ɗigo-ɗigo ake yi; saukar da shi abu ne mai sauƙi, ɗago shi ne wahala.

Mataki na 10: Ɗurawa

Sai haɗin ya yi sanyi kamar ɗaki. In kin rufe shi da ɗumi, tururi zai taru a ƙarƙashin murfi ya ɗigo, wannan ɗigon kuwa babu magani a cikinsa, a kansa baƙin ɗigon fumfuna ke fara fitowa. In ya yi kaurin da mazurari ba zai wuce da shi ba, ki zuba a sabuwar ledar abinci, ki yanke kusurwa, ki matsa cikin kwalba.

Kwalba mai famfo ko mai matsawa ta fi mai faɗin baki nesa ba kusa ba, domin a gida mai yara hannu goma ke shiga kwalba ɗaya a rana. Tsofaffin robobin man shafawa da ake wankewa a sake sayarwa a kasuwa a guje su. Bututun famfonsu ba ya wankuwa. A jikin kowace kwalba ki rubuta ranar haɗi da lambar haɗi. Daga giram 500 za ki cika kwalba biyu masu mililita 200, sauran ki raba a ƙananan kwalabe uku na gwaji.

Mataki na 11: Gwaji da ajiya

Kafin kowa ya shafa a jiki, a ɗan shafa a cikin gwiwar hannu a bari kwana biyu. Ja, ƙaiƙayi ko ƙuraje na nufin a dakata, yawanci turare ne mai laifi.

Ƙananan kwalaben nan uku, ɗaya ta zauna a ɗaki, ɗaya a wuri mafi zafi a gidan, kamar saman kabad a ɗaki mai rufin kwano, ta uku ta riƙa kwana a firji tana wuni a waje har mako guda. Ki riƙa duba su wata ɗaya zuwa uku: launi, wari, kauri, da ko mai ya taso sama. Haɗin da ya jure wannan zai jure shagon Makola.

Loshan ɗin gida mai magani, wanda ba a kai ɗakin gwaji ba, a ƙarar da shi cikin wata uku. A ajiye shi a inuwa, ba a kan taga ba, ba a banɗaki ba. Kuma kada a taɓa ƙara ruwa a kwalbar da ta kusa ƙarewa don a girgiza a samu na kwana biyu. Ruwan yana tsarma maganin. Wanda ya canza wari, ya yi ɗigo, ko kwalbarsa ta kumbura, a zubar da shi duka. Kwashe na sama a shafa na ƙasa ba ya tsirar da komai.

In haɗi ya ba da matsala

Ya rabu, mai a sama ruwa a ƙasa: ko i-waks ya yi kaɗan, ko zafin kwanuka bai daidaita ba, ko bugu bai isa ba. In a ranar ne kuma ba ki zuba kayan ƙarshe ba, ki mayar da shi digiri 70 ki sake bugawa. In bayan kwanaki ne ya rabu, ya tafi ke nan. Wani lokaci kuma maganin hana lalacewar ne ke tsinka shi, an san Optiphen da wannan hali in aka zuba shi haɗin na da zafi.

Tsaki-tsaki kamar gari: man kaɗanya ne ya huce a hankali ya yi ƙwaya, ko kaki bai gama narkewa ba. A haɗi na gaba a cika minti 20 ɗin, a kuma sanyaya shi da sauri cikin ruwan sanyi.

Yana barin fari a fata sai an daɗe ana murzawa: kaki ya yi yawa, ko an sa sitiyarik asid a madadin setil alkohol. A rage. A fata mai duhu wannan farin yana fitowa ƙarara, kuma shi ke sa mai saye ba ta dawowa.

Lissafin kuɗi

Farashin sinadarai yana bin dala domin daga waje ake shigo da yawancinsu, man kaɗanya kuma yana hawa da sauka da kaka. Don haka ki riƙe hanyar lissafin. Kowane kaya ki raba kuɗinsa da giram ɗinsa, ki ninka da abin da kika zuba. A ce kin sayi kilo ɗaya na man kaɗanya sidi 60: giram ɗaya pesewa 6 ke nan, giram 40 sidi 2 da pesewa 40. Haka za ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ki ɗora kuɗin kwalba, takardar suna, gas, sifirit, safar hannu, kuɗin mota zuwa kasuwa, da abin da ya maƙale a kwano da bilenda, wanda yakan kai giram 30. Sau da yawa za ki tarar kwalba da takarda sun fi abin da ke ciki tsada, maganin hana lalacewa kuwa, da ake gudu don tsimi, ɗan kaɗan ne a cikin lissafin. Ki sayi magani da turare a ƙananan kwalabe, su ma suna da ranar ƙarewa.

Ga mai niyyar sayarwa

Dokar lafiyar jama'a ta 2012, wato Act 851, ta wajabta a yi wa kayan shafa rajista a Hukumar Abinci da Magunguna, FDA, kafin a kai su kasuwa. Hedkwatarta tana Shiashie a nan Accra, tana kuma da tsarin ba da lasisi mataki-mataki don ƙananan masu sana'a. Za a duba wurin aikinki, a gwada samfur, a duba takardar jikin kwalba: sunan kaya, jerin abin da ke ciki, nauyi, lambar haɗi, ranar haɗi da ta ƙarewa, da adireshin mai yi. Littafin da kike rubuta awon kowane haɗi da inda kika sayo kaya shi zai taimake ki a ranar.

Za a zo miki da roƙon ki ƙara abin da zai sa fata ta yi haske. Hukumar ta hana haidurokwinon, sinadarin hasken fata, a kayan shafa tun 2016. Man tub na siteroyid, irin su kulobetasol, magani ne na asibiti da likita ke rubutawa na ɗan lokaci. Matsa shi cikin loshan ana shafawa kullum yana sirantar da fata, ya kawo nankarwa da ƙuraje, ya sa rauni ya ƙi warkewa. Makyuri kuwa, wato zaiba, ƙoda yake taɓawa. Duk ruwa ko garin da aka ce miki na ƙarin haske ne amma babu jerin abin da ke cikinsa, kada ya shiga kwanonki, kuma a takardar kwalba kada ki rubuta cewa man yana warkar da wata cuta, domin da kin rubuta haka ya tashi daga layin kayan shafa ya koma na magani, rajistarsa kuma daban ce.